Daga Masar Zuwa Kasuwar Kurmi: Tarihin Saƙar Hannu da Abin da Ya Shafe Mu

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya gabatar ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya. An buga shi a nan domin ƴan'uwan da ba su samu halarta ba.



Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayen ƙungiya, dattawanmu Alhazai, iyayenmu mata, ƴan'uwa da suka tsallako daga Katsina da Jibiya da Illela, da na nan gida daga Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, barkanku da zuwa, sannunku da hanya.

Kwamitin biki ya ɗora mini in yi magana a kan tarihin ɗaya daga cikin hajojin da muke safara. Na zaɓi saƙar hannu, wato irin wadda ake yi da kibiya ko da kwarashi. Dalili kuwa shi ne, wanda duk ya buɗe rajistar ƙungiyar nan zai ga masu sayar da zaren ulu, da masu hula, da masu kayan jarirai, da masu dilar kayan sanyi. Dukkanmu a tukunya ɗaya muke ci. Sannan akwai ƙorafin da yake yawan zuwa ofis tsakanin mata masu saƙa da ƴan kasuwan da ke ɗaukar kayansu, kuma tarihin nan yana da abin da zai faɗa a kansa.

Saƙa iri biyu ce

Bahaushe kalma ɗaya yake da ita, saƙa, amma aikin biyu ne. Akwai saƙar masaƙa, wadda kakanninmu suka gada: a ja zaren tsaye, a riƙa jefa ƙoshiya da zaren kwance, a fitar da saƙi ko gwado ko luru. Wannan ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma ita ta sa sunan Kano ya zaga duniya. Kyallen da ta fitar ba ya miƙewa, sai an yanka an ɗinka kafin ya zama riga.

Ta biyu ita ce ta kibiya. A nan zare ɗaya ne tak, ake lanƙwasa shi ya zama madauki, a zura wani madaukin cikin na farko, haka har abu ya tashi. Saboda madaukai ne, kayan yana miƙewa ya koma, shi ya sa yake kama ƙafa da kai da yatsu ba tare da almakashi ya taɓa shi ba. Iskar da ke maƙalewa a tsakanin madaukan kuwa ita ke riƙe ɗumin jiki. Aibinsa ɗaya ne, kowace mai saƙa ta san shi: ido ɗaya ya kuɓuce, in ba a kama shi da wuri ba, layi guda zai warware.

Kafin kibiya

Tun kafin a san kibiya biyu, mutane suna yin safa da allura ɗaya mai kauri, ta ƙashi ko ta itace. Ana yanko zare gajere, a zura shi gaba ɗaya cikin kowane madauki kamar mai ɗinki, in ya ƙare a haɗa wani. Aikin yana da nawa, sai dai ba ya warwarewa. An tono irin wannan safar a Masar, wadda aka yi tsakanin shekara ta 250 da ta 420 miladiyya, ja ce, ta ulu, kuma tana ajiye a wani gidan tarihi a Landan. Abin ban sha'awa, an raba bakinta gida biyu, babban yatsa gefe, sauran gefe, domin a iya sa ta da takalmi mai hanci irin silifa ko faɗe. Masu binciken farko sun ɗauka saƙar kibiya ce, sai daga baya da aka bi zaren a hankali aka gane aikin allura ɗaya ne.

Masar, mafarin abin da aka samu

Saƙar kibiya ta gaskiya mafi tsufa da ke hannun masana, ita ma daga Masar ta fito, a zamanin Musulunci, tsakanin ƙarni na 11 da na 14. An samu da yawa daga cikinta a juji na Fustat, tsohon garin da Alƙahira ta haɗiye. Safa ce ta auduga, fari da shuɗi, shuɗin nan irin na shuni da muka sani a marina. An ƙawata ta da zane-zane, a wasu ma har da rubutun Larabci a saƙe a jiki. Rairayin Masar da rashin damina su suka hana ta ruɓewa.

Masana sun lura da abu guda. Wanda ya saƙa safar nan ya iya juya dunduniya, ya iya tafiyar da zare kala biyu a layi ɗaya ba tare da sun harɗe ba. Ɗan koyo ba ya wannan. Ke nan lokacin da aka yi ta, sana'ar ta riga ta nuna a ƙasashen Musulmi.

Daga can ta bi hanyar da haja take bi, ta jiragen ruwa da ayarin fatake, har ta isa Andalus, wato Sifaniya ta yau. A wani gidan ibada na Kirista da ake kira Las Huelgas, kusa da birnin Burgos, an buɗe kabarin wani ɗan sarki mai suna Fernando de la Cerda, wanda ya mutu a 1275. An tarar da matashin kai na alharini, saƙar kibiya, mai laushin da a faɗin inci ɗaya akwai ido kusan 20. A gefensa an saƙa kalmar baraka da haruffan Larabci. Wannan ne ya sa masana suke ganin masaƙa Musulmi ne suka yi wa gidan sarautar aikin. Ku duba, jama'a: ƙasashen suna yaƙi da juna a wancan zamani, amma kayan hannu yana ƙetarawa.

Lokacin da Turai ta karɓa

Zuwa ƙarni na 14 saƙa ta bazu a Italiya da Jamus, har masu zane suna zana mata riƙe da kibiya huɗu suna saƙa riga a zagaye. Ƙasashe ne masu tsananin sanyi, ga tumaki masu gashi, don haka sana'ar ta samu gindin zama.

A nan zan ɗan tsokani ƴan'uwana maza masu cewa saƙa aikin mata ne. A biranen Turai na wancan lokaci, ƙungiyoyin masu saƙa na maza ne, kuma shiga cikinsu ba wasa ba. A wasu biranen Jamus da gabashin Faransa yaro yakan yi shekara 3 a gaban maigida, ya ƙara 3 yana yawo gari gari yana ƙaro ilimi. In ya dawo, a ba shi mako 13 ya saƙa hula da riga da safa da darduma mai zane, dattawan ƙungiya su duba. Sai sun gamsu zai buɗe shago. Ƙungiya ce ke tsare sunan kaya, ita ke hukunta mai algus.

Hukuma ma ta san akwai kuɗi a ciki. A 1571 Ingila ta kafa doka cewa duk wanda ya wuce shekara 6, ban da manyan masu sarauta da matan manya, dole ne ya sa hular ulu saƙar Ingila ranar Lahadi da ranakun hutu. Wanda ya ƙi, tarar sule 3 da kwabo 4 a kowace rana. An yi dokar ne domin a kare masu hula na gida daga kayan waje. Ba ta yi tasirin da aka so ba, aka soke ta a 1597. Mu da muka ga rufe iyaka a 2019 da kuma a 2023 ba sai an yi mana dogon bayani ba: doka tana iya tare hanya, amma ba ta iya sa mutum son abin da ba ya so.

Akwai wani tsibiri ƙarami tsakanin Ingila da Faransa mai suna Jersey. Mutanensa, maza da mata, sun rungumi saƙar safa suna fitarwa waje, har a farkon ƙarni na 17 hukumar tsibirin ta hana saƙa lokacin girbi, saboda an bar gonaki babu ma'aikata. Sunan tsibirin nan ne ya zama sunan rigar saƙa, kuma daga nan aka samu jesi, wadda matasanmu suke sarowa dila dila ta ƴan ƙwallo.

Zuwan inji

A 1589 wani Bature mai suna William Lee, daga wani ƙauye kusa da Nottingham, ya ƙera injin saƙa safa. Ya nemi Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba shi takardar mallakar fasaharsa, ta hana. Labarin da aka fi bayarwa shi ne ta ji tsoron talakawan da ke ci da kibiya za su rasa abinci. Lee ya kwashi injunansa ya koma birnin Rouen na Faransa, a ƙasar ya mutu bai ci moriyar aikinsa ba. Injin dai ya dawo Ingila, ya yi ta yaɗuwa sannu a hankali.

Bayan shekara sama da 200, a 1811, ma'aikatan saƙa na yankin Nottingham suka tashi cikin dare suna farfasa injuna. Abin da ya harzuƙa su shi ne masu gida sun rage lada, suna kuma fitar da safa mai arha marar ƙwari, wadda ta zubar da mutuncin sana'ar. A 1812 majalisa ta mai da fasa inji laifin kisa. Guduma ba ta tsayar da inji ba. Duk da haka saƙar hannu ba ta mutu ba, ta koma inda inji bai iya binta ba, wato kaya mai suna da zane na musamman.

Misali shi ne tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotilan. Matan can suna saƙa ko suna tafiya, ɗauke da kaya a baya, suna sayar wa masuntan Holan safa. A 1921 Yariman Ingila ya fito bainar jama'a da rigar saƙa mai zanen tsibirin Fair Isle, nan take kasuwarta ta buɗe, har gobe kuma da sunan tsibirin ake sayar da ita.

Amma akwai ɓangaren labarin Shetland da nake so mu riƙe da kyau. Shekaru da yawa ƴan kasuwan can ba sa biyan matan da kuɗi. Mace ta kawo mayafin da ta yi makonni tana saƙawa, sai a ce ta ɗauki ganyen shayi ko yadi a shago, a farashin da mai shago ya yanka. In tana bukatar kuɗin haya ko na magani, sai ta sake sayar da shayin da hasara. Abin ya kai gwamnati ta tura kwamitin bincike a 1872, aka saurari matan da bakinsu, aka kuma ƙarfafa dokar hana biyan lada da kaya a 1887. Zan dawo kan wannan.

Dara: inda tarihin ya iso ƙofarmu

Dattawa, hular dara da kuke sawa ranar Juma'a da ranar salla, saƙar kibiya ce. Mutane da yawa ba su san haka ba, domin ba a ganin ido ko ɗaya a jikinta.

Tsakanin 1609 da 1614 sarkin Sifaniya ya kori zuriyar Musulmin Andalus, kimanin mutum 300,000. Dubun dubatarsu suka sauka a Tunisiya, mai mulkin Tunis na lokacin, Usman Dey, ya karɓe su hannu biyu. Su ne suka ɗaukaka sana'ar wannan hula, wadda mutanen can suke kira shashiya, har aka gina mata kasuwa tata ta kanta a cikin tsohon birnin Tunis, tana nan har yau.

Ga yadda ake yin ta. Mata ne suke saƙa ta a gida da farin ulu, ƙatuwa, kamar jaka, ta fi ƙarfin kan kowa. Sai a kai ta wurin bugu, a yi ta dukanta cikin ruwa da sabulu har gashin ya kama juna, ta tsuke ta yi kauri, idanun saƙar su ɓace. A taje ta da busasshiyar ƙayar wani tsiro domin ta yi laushi, a rina ta ja ko baƙa, a ɗora ta a kan ma'auni ta bushe ta ɗauki siffa. Hula ɗaya takan bi hannuwa da yawa da garuruwa da yawa kafin ta iso shago. A da, ulun ma daga Sifaniya ake sayo shi. Sana'ar tana da shugaba da ake kira amin, shi ke duba inganci da raba gardama, kuma kowane maigida yana da alamarsa da yake sawa a hularsa.

Daga Tunis da Tarabulus hular ta bi raƙuma ta Gadamas da Gat, ta sauko Agadas, ta ratsa Damagaram, ta shiga Kasuwar Kurmi. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya bi ta Agadas da Tasawa da Katsina ya isa Kano a 1851, ya lissafa jajayen huluna cikin tufafin Larabawa da ake sayarwa a can, ya kuma nuna kayan Tunis ne aka fi nema. A ƙarni na 19 masana'antun Faransa da Italiya da na ƙasar Cek suka shiga kwaikwayonta da inji, suna karya farashi. Sun ci kasuwa mai yawa, har yanzu ma akwai dara ta ƙasar Cek a Afirka ta Yamma. Amma masu hannu na Tunis suna nan, kuma a yau Libiya da Nijar da Najeriya suna cikin manyan masu sayen kayansu. Wato wani maigida a Tunis yana buɗe shagonsa da safe ne saboda Alhaji na Maraɗi ko na Kano ya san bambancin dara da dara, yana kuma biyan kuɗin bambancin.

Yadda ta shigo ɗakunan iyayenmu mata

Saƙar kibiya da kwarashi da matanmu suke yi yanzu ta yaɗu ne a zamanin Turawa, ta makarantun ƴan mata, daga baya kuma ta cibiyoyin koya wa mata sana'a a ɓangarorin iyaka biyu. Kalmomin da kansu shaida ne: ulu da suwaita daga bakin Turawa muka aro su, kwarashi kuma asalinsa Faransanci ne, ma'anarsa ƙaramar ƙugiya. Shi kwarashi ƙane ne a wajen kibiya, domin sai a farkon ƙarni na 19 ya bayyana sosai a Turai. Lokacin babbar yunwar ƙasar Ailan, daga 1845, da shi mata da yawa suka ciyar da gidajensu. A nan ma haka yake. Sana'a ce da mace za ta yi a cikin ɗakinta, jarinta ƙwallon zare da ƙugiya ɗaya, ta fitar da rigar jariri da hula da safa da shawul na ranar suna, ko farar hular nan ta tashi-ka-fiya-naci.

Wani abu da ya kamata masu sayar da zare su sani su kuma faɗa wa mai saye: yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne. Zaren roba ne da ake samu daga man fetur, wanda ya shigo kasuwar duniya wajen 1950. Ba laifi ba ne a sayar da shi, yana da arha, yana wankuwa, asu ba ya cin sa. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan wani abu. Gwajin mai sauƙi ne: a ƙona ɗan guntu. Ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murjewa a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Don haka ma a riƙa gargaɗin uwa kada ta matsa da jariri kusa da garwashi yana sanye da shi.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Ƙorafin da ke zuwa ofis iri uku ne. Mai saƙa ta ce an ɗauki kayanta tun farkon hunturu, ba a biya ba sai da zafi ya shigo. Wata ta ce da ta je karɓar kuɗi an ce ta ɗauki zare ko sabulu a madadinsu. Ɗan kasuwa shi kuma ya ce ya ba da aikin dozin goma, an kawo masa kowace riga da girmanta, wata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga gwanjo da kayan inji na Sin a rumfar maƙwabcinsa da rabin kuɗin. Kowa yana da gaskiyarsa.

Shawarata ga shugabanni ita ce a zauna a kan abu huɗu kafin sanyin bana. Na farko, ladan saƙa a biya shi da kuɗi, sefa ko naira, a kan canjin ranar da aka yi ciniki, kuma a rubuta ranar biya. Wadda ta ga dama ta karɓi zare, ta karɓa da yardarta a farashin kasuwa. Abin da aka hana a Shetland tun 1887 bai kamata a same shi a cikinmu ba. Na biyu, iyayenmu mata su zaɓi amin tasu, mace ƙwararriya wadda za ta tsayar da awo ɗaya na rigar sabon haihuwa da ta ɗan wata shida da ta ɗan shekara, ta duba kaya kafin ya hau mota. Na uku, kowace mai saƙa ta samu alamarta a jikin kayanta, ko da ɗan zare ne mai kala, yadda mai saye a Jibiya ko a Ɗan Isa zai dawo ya ce ta wance nake so. Na huɗu, a riƙa ba da aiki tun cikin damina, domin wanda ya jira sai iskar hunturu ta kaɗa, sauri zai sa a yi masa, kuma sauri ba ya haifar da kaya mai kyau.

Ba za mu iya karya farashin gwanjo ba, kada ma mu ɓata lokaci a kai. Inda za mu fi shi shi ne sabon kaya mai tsabta, daidai jikin yaro, da kalar da uwa ta zaɓa, daga hannun wadda aka san sunanta. Da haka mutanen Tunis suka riƙe kasuwarsu shekara 400. Ofis a shirye yake ya buɗe littafi na musamman domin rubuta irin wannan ciniki, in shugabanni sun amince.

 Allah Ya ƙara wa ƙungiya haɗin kai, Ya sa albarka a kasuwa, Ya tsare mana hanya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.